Aikin da Aka Kammala

Ofishina ne na ƙarshe a barandar sakatariya,
dab da inda janareta ke tari.
A ƙofar an rubuta: Hulɗa da Jama'a.
Damina uku sun lashe Jama'a,
sun bar Hulɗa tsaye ita kaɗai.

Ran Talata Ciyaman ya kira ni,
bai ɗago kai daga wayarsa ba.
"Tasi'u, rubuta cewa kwatar Lungun Masaƙa ta kammala.
Ka sa cikin ikon Allah,
ka sa romon dimokuraɗiyya."
Na rubuta.
Shekara goma sha bakwai ina yi wa magana kwalliya,
na san inda ake ɗiga turare
don kada hanci ya yi tambaya.

Ƙarfe shida rediyo ta karanta tawa sanarwar.
Shida da rabi sama ta karanta tata.

Mai a-daidaita-sahu ya sauke ni a bakin titin Gwammaja,
ya ce nan ya tsaya, shi ba kwale-kwale yake ja ba.
Na naɗe wando har gwiwa,
takalmi a hannu, fayil a ka,
na shiga ruwan da na ce babu shi.

Gwaggo Tasalla mai ƙosai na tsaye a kan benci,
kaskonta a bisa katanga, itacenta na iyo.
Ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan Azumi.
Taka a hankali,
kar ka faɗa cikin aikin da aka kammala."

Ba ta yi dariya ba.
Da ta yi, da na sami sauƙi.

Na kwana kwashe ruwa daga ɗakin tsohuwata.
Kowane bokiti kalma ce daga takardata,
kuma ban taɓa sanin na yi dogon rubutu haka ba.

Da safe na ɗauki rikodar ofis,
wadda aka saya don jawaban Maigida,
na bi lungu ƙofa ƙofa.
Dayyabu tela ya nuna mini tsatsa a ƙafar kekensa,
ya ce shaddar mutane bakwai ce ta jiƙe,
wa zai ce wa mai shadda ya yi haƙuri?
Wani yaro, Mudan, ya shanya littafin lissafi a kan kwano,
lambobin sun narke sun zama shuɗi.
Liman bai ce komai ba,
ya kai ni ya nuna mini tabarmin masallaci.
Shirunsa ma na ɗauka, minti guda cur.

Na ajiye rikodar tsakanin shayin Ciyaman da hatiminsa,
na danna.
Yatsuna na rawa, ina da 'ya'ya biyar da bashin babur.
Ya saurara har muryar Tasalla ta ƙare.
Ya ce, "Wa ya aike ka?"
Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar ofishina.
An ɗauke ni a matsayin baki,
amma baki ɗaya ne a kai, kunne biyu."

Ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu sukari.

Ran Juma'a tifa ta zo. Guda ɗaya.
Yashi, shebur shida, lebura huɗu,
da injiniyan da ke kallon agogo.
Ba zai isa ba, kowa ya sani,
Tasalla ma ta auna tulin da ido ta taɓe baki.

Na zauna na rubuta sanarwa: An fara.
Ɗan jarida ya bugo waya, "Malam Tasi'u, shi ke nan?"
Na ce, shi ke nan.

Jiya na biya Sabon Gari,
na sayi ƙaramin gwangwanin fenti da kuɗin aljihuna.
Yana ƙarƙashin teburi, ban buɗe ba tukuna.
Ina jira ƙofar ta bushe.