Ƙofar Kwano Mai Kwaɗo Biyu

A Tawa, in ka shigo makarantarmu,
kada ka bi inda aka jera itatuwa.
Zagaya ta bayan ban-ɗaki,
wuce tankin da ya fashe tun bara,
za ka ga ƙofar kwano mai kwaɗo biyu.
Nan nake, shekara goma sha ɗaya ke nan.

Arzika sunana,
mai koyar da aikin lantarki
a ɗakin da wuta ba ta kwana biyu a jere.

Ɗalibai arba'in da uku, filaya huɗu,
ma'aunin wuta ɗaya, shi ma allurarsa na rawa
kamar tsoho mai masassara.
Akwai wani inji a lungu, kyautar baƙi,
an kawo shi da tafi da ɗaukar hoto,
har yau yana cikin ledarsa.
Irin wutar da yake ci ba ta iso unguwarmu ba.
Gizo-gizo ne ya fara samun aiki a jikinsa.

Sai in ɗauki alli in zana waya a allo,
in ce wannan ja ce, wannan shuɗiya,
alhali duk farare ne.
In ce, "Kada ku taɓa nan, tana kisa."
Su yi dariya, su rubuta.

Na san yadda suke zuwa wurina.
Ba wanda aka rako da guɗa.
Jarrabawa ce ta tankaɗe gari,
aka kwashe mai laushi zuwa manyan azuzuwa,
tsakin da ya rage a rariya
shi aka juye mini.

Ranar da Zabeiru ya kawo 'yarsa Tsahara
ko zama bai yi ba.
Ya ce, "Riƙe ta, mushe,
kafin Allah ya kawo wata hanya,"
kamar mai ba maƙwabci ajiyar akuya.

Ita kuwa yarinyar, yatsunta kunne gare su.
Ta kwance fankar da aka jefar da bakin cokali,
ta saurara, ta ce,
"Ba ta mutu ba, ƙishin mai take ji."

Ƙarshen shekara, ranar rabon kyauta,
an kafa rumfa, an yi hayar kujeru.
Mu aka ba mu gefe, inda inuwa ta ƙare.
Babban baƙo ya miƙe, ya gyara hula,
lasifika ta yi tari sau biyu, ta mutu.
Direkta ya waiwaya yana neman fuskata,
karon farko tun damina.
Kafin in tashi, Tsahara na ƙarƙashin tebur,
ta feɗe waya da haƙori,
ta murɗa, ta naɗe, ta ja da baya.

Murya ta dawo, har kasuwa ana ji:
"Yarana, ku dage ku zama likitoci da alƙalai,
kada ku ƙare a bakin titi 'yan gyare-gyare!"
Aka tafa.
Ita ma ta tafa,
da ƙurar ƙarƙashin tebur a gwiwoyinta.

Ban ce komai ba. Albashi ke rufe baki.

Bayan la'asar ina rufe kwaɗo na biyu
sai ga Zabeiru, da abu naɗe cikin tsumma:
fitila mai cin hasken rana, wata uku ba ta kama ba.
Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.
"Ka ba ta," ya ce, "ko za ta duba.
Kada ka ce ni na kawo."

Dalmar liƙi ta ƙare mana tun kafin azumi,
takarda uku na rubuta, ba amsa.
Na karɓi fitilar.
Gobe zan biya kasuwa da abin da ke aljihuna.