Littafin Awo

Shekara goma sha ɗaya ina auna matan Gangare:
kafaɗa, ƙugu, tsawon hannu.
Nakan san mai juna biyu tun kafin mijinta ya sani.

Amma ranar da ɗan Kangyang ya sulale a Taminus
tsakanin masu gwanjo da masu lemo,
ni na raka ta caji ofis.
Ɗan sanda ya ɗaga biro, ya ce, "Tsayinsa?"
Ta shimfiɗa tafi a iska daidai ƙugunta,
ta ɗan ɗaga, ta ɗan sauke,
hannun yana rawa.
"Hoto fa?"
Na goyo ne, cikin shawul,
yaron da yanzu ke hawa gwaiba har ƙarshenta.

Kwana uku. A Bukuru aka same shi
wurin wata mai ƙosai da ta ba shi tabarma.
Unguwa ta yi guɗa. Ni ban runtsa ba.
Cikin duhu nake tambayar kaina:
tabon Hafizu, a gwiwar dama yake ko hagu?
Ni da na wanke gwiwar nan sau dubu.

Da safe na buɗe littafin awo ta baya,
inda babu bashin kowa,
na tsayar da su jikin ƙyaure.

Mansura: inci arba'in da shida, wushirya,
huji biyu a kunnen hagu don na farko ya toshe.
Hafizu: ashe hagu ce,
inda kwanon rufi ya yanke shi da damina.
Bahago ne. In ya tsorata i'ina takan riƙe shi,
don Allah a jira, zai faɗi sunansa.
Sa'adiyya: kada a kira ta haka, ba za ta waiwayo ba.
A ce Dadda.

Na aro tawadar hatimi wurin mai fotokofi,
yatsu talatin suka jeru a takarda
kamar sawun 'yan tsaki bayan ruwa.
Mai hoto ya ce su yi murmushi.
Na ce ɗauki guda haka nan, fuska a sake,
yaron da ake nema ba da murmushi ake ganinsa ba.

Inna ta tura baki daga bakin murhu:
"Kina tashin abin da ke barci."
Na ce, Inna, wadda ta saƙa rigar sanyi da bazara
ba ita ta kira sanyin Jos ba.

Lambar wayata na mayar musu waƙar wanka,
lamba uku da soso, lamba huɗu da ɗauraya.
Dadda kan tsallake bakwai.
Za mu sake gobe.

Akwai abin da ya ƙi shiga layi:
ƙamshin tsakar kansu bayan la'asar,
yadda Hafizu ke ɓoye nama a kumatu sai an kwashe kwano.
Wane ofishi zan kai wa wannan?

Kwafi ɗaya a leda, ƙarƙashin aljihun keke, tare da maɓallai.
Ɗaya wurin yayana a Rikkos,
garin nan ya koya mana kada a tara komai wuri guda.

Ina naɗe tef, Mansura ta fizge shi.
"Ke fa, Umma? In kin ɓata wa zai gane ki?"
Ta hau kujera ta auna ni a karkace,
ta rubuta da babban baƙi:
sukar allura a yatsa,
zare a ɗankwali kullum,
tana warin man keke.

Allah, ka bar wa asu wannan shafi.
Ya tsufa ba a nema ba,
sai ranar da za su tono shi da furfura a kaina
su yi mini dariya.