Daren da Wuta ta Ɗauke a La Paloma

Shekara tara ina ɗaukar masa kaya.
Ni ne mai wayoyi, mai murɗa maɓalli a ƙarshen zaure.
Anibal Techera ba ya sauri.
Ko motarmu ta ɗauki halinsa,
sai ta yi tari uku kafin ta yarda ta tashi.

Mun iso La Paloma da yamma liƙis,
zauren masunta, rufin kwano,
ƙarnin kifi ya riga kowa kama kujera.
Ina shimfiɗa wayoyi, ina gumi,
shi yana bakin ƙofa da ƙoƙon shayin mate
yana tambayar wani yaro sunan karensa.

Mutum arba'in da uku. Na ƙirga,
don ni ke raba kuɗin.

Ya hau da silifas, ya zauna kan akwatin kifi,
wai kujerar da aka ba shi ta cika tsayi.
Jitarsa ta tsufa, gefenta ya koɗe
daidai inda damtsensa ke kwana.
Ba ya ɗaga murya.
Waƙa yake kamar mai ba maƙwabci labari ta kan katanga:
keken da aka sace masa,
matar da ta tafi ta bar masa tukunyar fure,
ruwan sama na ranar Talata.

A waƙa ta huɗu wuta ta ɗauke.

Ɗif.
Allona ya mutu a ƙarƙashin yatsuna.
Na miƙe zan nemi janareto,
sai na ji shi cikin duhu yana dariya:
"Zauna, Wilmar. Yau hutunka ne.
Ku matso, jama'a, ba na cizo."

Kujeru suka ja ƙafa a kan siminti.
Doña Zulema mai soya kifi
ta kawo kyandir biyu a gindin kwalba.
Can waje fitilar hasumiya na juyawa,
ta leƙo ta taga, ta shafi fuskoki, ta wuce,
ta dawo, kamar ta manta wani abu.

Na cire abin kunnena.
Shekara tara ina auna muryar nan da allura,
ina rage mata nan, ina ƙara mata can,
ashe ban taɓa jin ta ba.
Akwai ɗan tsagu a cikinta
irin na ƙofar da aka daɗe ana buɗewa a hankali.
Na ji numfashin da yake ja kafin baiti,
na ji kukan yatsa a kan tsirkiya,
abin da kullum nake gogewa.

Teku na bayan bango yana riƙe masa kiɗa,
bai yi daidai da shi ba,
shi ma bai nemi ya yi ba.

Tsirkiya ɗaya ta tsinke.
Ya duba ta, ya ce, "Ta gaji,"
ya ci gaba da biyar.
Wani tsoho, Eulogio, mai hannu kamar igiyar jirgi,
ya kama amshi da muryar da ba ta san hanya ba.
Anibal ya sassauta, ya jira shi,
suka isa ƙarshen tare.

Ba a yi tafi nan take ba.
Sai da karen yaron ya yi hamma.

Wuta ta dawo muna loda mota,
zauren ya yi fayau, ba kowa sai kujeru.
Na ba shi kasonsa, bai ƙirga ba.
Ya naɗe tsinkakkiyar tsirkiyar a yatsa,
ya sa min a aljihun riga:
"Ladan aikin da ba ka yi ba."

Gobe Rocha, wuta ba ta ɗaukewa a can.
Zan jona wayoyina kamar kullum.
Amma maɓallin nan na hagu,
mai share ƙarar yatsa,
ina jin zan bar shi inda yake.