Sabar Talatin da Bakwai

Tanimun ya yi ritaya ran Alhamis.
Ya bar mini kujera mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya,
da kofin shayin da cikinsa ya yi baƙi,
da sabar talatin da bakwai
waɗanda shi kaɗai ya san halinsu.

Wannan, in ji shi, ba ta son taɓi da rana.
Ta reshen Dosso akwai tsohon ƙunshi a cikinta,
kada ki sabunta shi. Na manta dalili.
Ya ɗauki hularsa ya nufi Yantala,
dalilin ya hau babur ɗin tare da shi.

Wata shida ina bin su ɗaya bayan ɗaya
kamar mai rabon goron suna.
In shiga, in buga umarni, in jira, in fita,
in shiga ta gaba, in sake buga shi.
Wajen ta ashirin ido ya soma yaji.
Wajen ta talatin yatsu ke aiki,
ni kam na daɗe da tafiya.
Gari ya waye, ba biyun da suka yi kama da juna.

Sai na zauna na rubuta takarda guda.
Ban ce mata yi kaza, sa'an nan ki yi kaza ba.
Na ce, ga yadda nake so in tarar da gida:
ƙunshi kaza ya kasance,
siga kaza, ba ta gaba da ita ba,
wancan kuwa kada in gan shi ko a bakin ƙofa.
Manhajar tsari ta karanta, ta bazu,
ta ƙwanƙwasa ƙofa talatin da bakwai a tare
kafin ruwan shayi ya tafasa.

Na yi alfahari. Ba zan ɓoye ba.

Daren Talata na sa tara a gurbin shida.
Hannu in ya yi kuskure, ɗaki ɗaya yake ɓatawa.
Takarda kuwa mai adalci ce,
ta raba kuskurena daidai wa daida,
ba sabar da aka hana rabonta.
Bakwai da rabi Barira ta kira daga reshen Wadata:
layin masu ajiya ya kai bakin kwalta,
wata tsohuwa na neman jikka biyar ɗinta na albasa,
allo ya ce bai san ta ba.

Na gyara lamba ɗaya. Na sake aika ta.
Minti huɗu. Gumina ya fi minti huɗu bushewa.
Tun ranar, sabar guda nake fara ba wa ta ɗanɗana
kafin in zuba wa sauran.

Ta Dosso fa? Na buga wa Tanimun waya.
Ina jin kukan zabinsa ta baya.
Ya yi shiru, ya yi dariya, ya ce, injin rasit ne!
Tsohon injin rasit ba ya jin yaren sabon ƙunshi.
Na rubuta haka a takardar, layi na tamanin da ɗaya,
na sa sunansa da kwanan wata,
don wadda za ta gaji kujerata
kada ta je neman dalili a Yantala.

Yau na sake aika takardar, ba don komai ba.
Ta zaga, ta dawo, ta ce:
an duba talatin da bakwai, canji sifili.
Ban taɓa son sifili haka ba.

Na kashe fitila da sauran rana.
A kan gada, kogi ya yi ja,
masu wanki na naɗe zannuwa a gaɓar Harobanda.
Ɗiyata ta gan ni a ƙofa kafin magariba,
ta tambaya ko an kore ni daga aiki.

Kujerar dai tana nan da wayarta.
Ita ba ta shiga takarda ba.