Littafin Lawandi

Kwana bakwai da rasuwar Iya,
Lawandi mai shago ya yafito ni
daga bakin lungunmu a Yakasai.
"Zo ka ga uwarka," ya ce,
ya buɗe littafin da ɓera ya ci wa gefe.

Babu hoto. Babu ma cikakken suna.
"Tasalla ta gidan wanzamai," da jan biro.
A ƙasa: sabulu sanda ɗaya,
ashana, sukari na ɗari,
ganyen shayi ƙulli biyu,
kananzir rabin kwalba,
man zafi duk ranar Laraba,
ashe gwiwar nan ba ta taɓa saki ba,
ni ne take ce wa da sauƙi.

"Madara kuwa," ya sa yatsa,
"ba ta saya sai ran da za ka zo."
Na ƙirga gwangwanayen a shafi.
Shida.
Shekara uku, shida.
Daga Hotoro zuwa nan, kuɗin adaidaita nawa ne?

Ga ni tsaye cikin shaddar Kwari
da ban biya ba sai da na ji tana amo,
waya sabuwa a aljihu,
ta bara lafiyarta ƙalau,
a idon abokai ne ta tsufa.
Ga turaren da ke riga ni sallama.
Ga ledar babban kantin Titin Zoo
da nake ninkewa in adana kamar takardar fili,
in zuba mata tumaturin 'Yankaba
don maƙwabta su karanta sunan da ke jikinta
su ɗauka nawa ne.

In na tafi, wa zai buɗe ni?
Ba mai shagon da ya san ciwona.
Sai saƙon banki a jere:
an cire, an cire, an cire,
kamar mai tsefe kitso har ya kai ga fata.

Na ce, "Nawa ake bin ta?"
Na riga na zaro kati, hannuna har yana sauri.
Lawandi ya girgiza kai.
"Ko sisi. Ita ke bi na.
Ta bar canji, ta ce a ajiye na madara,
wai ƙila ka leƙo kafin azumi."

Ya miƙo gwangwanin, ya laluba leda.
Na ce ya bar ta.
Haka na ratsa lungun da shi a tafin hannu,
yara suna kallo.