Wata Bakwai a Ƙofar Guga

Shekara tara ina da wata bakwai,
jere bisa Ƙofar Guga kamar ƙwai a faifai,
kowanne da jelar haske tana zuba.
Babur ɗaya kan taho mini ayari guda,
in rakuɓe gefen titi har ayarin ya wuce.
Kafar allura kuwa, ni da nake tela,
sai Mannir ya zura mini zare,
in ce masa hannuna ne ke rawa.

Tabarau biyar na canja.
Na ja kwalli, na ɗiga zuma,
na murji ido da bayan hannu kamar mai wanki.

Likita ta kashe fitila, ta haska, ta daɗe.
Ta ce fatar gaban idon ta sirance,
ta yi tsini kamar jinkar rumbu,
hasken da ya sauka kanta tarwatsewa yake.
Ta ce, daga yau an daina murza.

Abin da ta ba ni bai kai kwabo faɗi ba,
amma ya ci tsohon kekena da ragon layya:
ɗan ƙoƙo garai-garai, mai tauri.
Bayan asuba nakan wanke hannu, in tsane,
in kwantar da madubi a tabarma,
in cika ƙoƙon da ruwan gishirin asibiti,
ba na randa ba, ba na rijiya ba,
har ya yi tozo a baki.
Sai in sunkuya kamar mai ruku'u,
in buɗe ido da yatsa biyu, in tare shi.
Farin ido yake takawa, ba ya taɓa tsinin,
ɗaurin guga ne aka yi wa ɗaki mai ciwo.
Kumfa ɗaya, ko kamar ƙwayar gero,
sai a cire, a koma farko.
Makon fari, da hawaye nake karyawa.

Ranar da ya zauna, na fita.
Gobarau ɗaya ce ashe.
Na ga furfurar Inna, sili-sili,
na ga rigar liman, ɗinkina na bara,
layin wuyanta ya karkace kamar hanyar jaki,
ba wanda ya taɓa faɗa mini.

Wajen la'asar yakan dushe
kamar an ɗiga nono a ruwa,
in ajiye almakashi, in cire, in ɗauraye.
Ba warkewa ba ce. Aro ne, kullum a mayar.

Da dare ɗan roba ya tsotso shi waje,
watannina bakwai su dawo, mu gaisa.
Jiya Rumasa'u ta kai hannu tana murza ido,
na cafke hannun har ta tsorata.
Na ɗaga ta sama, na ce ƙirga mini.
Ta ce, ɗaya ne, Baba.
Gobe ma zan tambaya.