Safar Hannu

Shekara talatin ina dukanci a Zango,
ban taɓa ɗinka safar hannu ba sai yau.
Jar fatar akuya a waje, auduga ninki uku a ciki.
Na auna yatsun Habsu da zare, tana ta dariya.

Ta ce jirgin ƙarami ne, mutum ɗari da 'yan kai,
ita ce mai duba marasa lafiya.
Yarinyar da ko kwalekwale ba ta taɓa shiga ba!
Ta daka citta saboda tashin zuciya.

Wai can ƙanƙara ta fi duwatsun Birni tsayi.
Mu nan ta dala goma muke saya a leda,
kafin a kai gida rabi ya zama ruwa.

Na tambayi liman: inda rana ba ta faɗuwa,
yaushe ake Magariba?
Ya shafa gemu, ya ce in dawo jibi.

Uwarta na cusa kilishi a kusurwar akwati.
Ni saura babban yatsan hagu.
Ina sane
nake jan basillar a hankali.